Zaren da ke Ƙugun Maas Ranny

Tun da hantsi aka tare bakin layin Sweetsop da ganga biyu da dogon katako, mota ba ta shiga ba ta fita. Ranar hutun 'yancin kai ce, kuma duk wanda ya kwana biyu a wannan ɓangare na Kingston ya san abin da za a yi. Maas Ranny zai fito da kayan sautinsa kan titi, kyauta, ba ƙofa ba tikiti, daga goyo har tsohuwa mai dogara sanda.

Ƙarti shida ne ke ta nishi suna fito da akwatunan lasifika daga tsakar gidansa, kowane akwati sai mutum uku sun kama. Suka jera su hawa-hawa har suka fi rufin shagon aski tsawo. Wani ya hau mangwaro ya ɗaura ƙahonin ƙarfe biyu a reshe, don kiɗan ya tsallake kwata ya kirawo mutanen unguwannin ƙetare.

Mis Dorrett, matar Maas Ranny, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Shekara ashirin da biyu tana ganin wannan hidima. Nata aikin yana gindin mangwaron: tukunyar naman akuya da kori, tukunyar farar shinkafa, da romon kai da ƙafa mai barkono wanda ke sa ƙato hawaye. Sai dai akwai aiki na biyu a aljihun rigarta, wanda ba wanda ya sani, wato ƙullin zaren fatsa.

Kunnen Maas Ranny ne ya tafi. Ba duka ba. Gurnanin nan na ƙasa da ake kira bes yana jinsa sarai, a tafin ƙafa da haƙarƙari. Amma muryar mutum cikin hayaniya, ko ihu ake yi, sai dai ya ga baki na motsi. A gida, in ta matso kunnensa na hagu, yakan kama. A waje kuwa sai ya haɗe rai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne." Mutanen layi suka ce tsufa ne ya ƙara masa miskilanci. Ranar da aka gaya masa akuyar Mis Ionie maƙwabciyarsu ta cinye masa ƙafar wando a kan igiyar shanya, haka ne ɗin dai ya ce.

To shi kuma kiɗan titi yana da dokarsa. In faifai ya ratsa mutane, sai su ɗauki ihu, "Dawo da shi!" Mai sa faifai ya ɗaga allura ya mayar da ita farko. Wanda ya dawo da faifai ba a nema ba, an ce yabon kansa yake. Wanda aka nema ya ƙi, ya raina jama'a, kuma ba a mantawa. Ga shi Maas Ranny baya yake ba mutane in yana aiki. Garmaho ɗaya ne a kan dogon tebur daidai ƙirjinsa, jikinsa ya rufe shi don kada 'yan leƙen asirin wasu masu sauti su gane faifan, duk da ya riga ya kankare sunan kowanne da wuƙa. Tun yana saurayi bai taɓa waiwayowa ba, taƙamarsa ke nan. "Ni da ƙeya nake sanin abin da layi ke so," in ji shi.

Bara, a kicin, ya gaya mata magana ɗaya ba tare da ya dube ta ba.

"Dor, ranar da layin nan ya san ba na ji, ranar na sauke kaya. In sayar, in koma ƙauye in yi kiwon kaji. Ba zan tsaya ana yi mini alama da hannu kamar mai koyon mota ba."

Ta san mijinta. In ya faɗa ya gama. Ta kuma san cewa in aka raba shi da akwatunan nan ba zai ga damina biyu ba, zama zai yi a kujera yana kallon kaji har ya bushe. Wannan ne ya hana ta barci mako guda, har dabarar zaren ta zo mata. Ta ɗaura bakin zaren ɗaya a madaurin bel ɗinsa ta baya, a ƙarƙashin riga. Zaren ya bi ƙasa ta bayan akwatuna, ya zo ƙafar teburinta. Jama'a suka yi ihu, ta ja sau ɗaya, ya ɗaga allura. Rawa uku aka yi haka lafiya lau, har ana cewa ƙeyar Maas Ranny ta ƙara kaifi.

Da tsakar rana ta same shi a bayan akwatuna yana goge kwalaben amfilifaya da tsumma. Ta ɗaga masa riga ta baya.

"Tsaya mana, kai kamar mai tsutsa."

"Me?"

Ta matsa kusa da kunnensa na hagu. "Na ce ka tsaya! Kuma ka rage cin burodi, madaurin nan ya kusa tsinkewa."

"Hannunki duk kori ne, za ki ɓata mini farar riga."

"Wa ya wanke ta?"

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta ƙulle zaren sau uku, ta bi shi a tsugune tana warwarewa, hannunta kuwa gaskiyarsa ne, duk mai da gishiri da kori.

Can gefe Lenworth yana gwada makirfo. Shi ne mai surutu a kan kiɗa, ya cike shirun da ake samu in ana juya faifai. Mutumin kirki ne, amma kwandastan bas ne, abin da ya ji da safe a tashar Parade kafin rana ta take ya sauke shi a tashar Papine. Shi ya sa ko da wasa ba a sa shi cikin maganar ba.

Wajen ƙarfe huɗu aka kunna. Duk wanda bai taɓa tsayawa a gaban akwatunan Maas Ranny ba, bayani ba zai amfane shi ba. Murfin tukunya ya kama rawa shi kaɗai, karnukan layi suka shige ƙarƙashin gidaje. Yara suka fara cika fili, sannan tsofaffi da kujerunsu, sannan 'yan mata da sabon ɗinki, samari na biye kamar ba su suke bi ba. Masu gashi murɗe-murɗe suka kama gefen akwati suna taka ƙafa a hankali, ido a rufe. Mis Ionie ta kafa kaskon soya kifinta nesa kaɗan da Mis Dorrett, suna harara suna gaisawa kamar kullum.

Sai ga Maas Egbert da farin takalmi da hula mai gashin tsuntsu. Shi ma mai sauti ne a ƙetaren kwata, shekara ashirin suna gasa da Maas Ranny, kowa na cewa akwatin ɗan'uwansa gwangwani ne.

"Mis Dor!" ya daka mata kira kamar tana tsallaken titi, alhali ga ta gabansa. "Zubo mini naman nan. Shi kaɗai ne abin kirki a layin nan."

"Maas Egbert, leƙen asiri ka zo ko yunwa ce?"

"Lafiya lau, sai godiya," in ji shi, ya karɓi faranti ya nemi benci.

Faifai na biyar ya kama mutane. Ihu ya tashi, Lenworth ya yi tsalle, Mis Dorrett ta sunkuya kamar mai gyara itace ta ja zaren. Allura ta tashi, kiɗa ya yanke, ya dawo daga farko. Ta yi murmushi ta ci gaba da zuba shinkafa. Aiki na tafiya.

Da rana ta yi sanyi layin abinci ya yi tsawo, sai Maas Ranny ya sa wani tsohon faifai mai sanyi, irin wanda yakan sa don mutane su huta su ci abinci. Waƙar wani ce mai murya kamar ta mai mura, yana kukan budurwarsa ta hau jirgin ruwa ta tafi Ingila. Ba wanda ya taɓa neman a dawo da wannan faifai tun da aka buga shi.

Mawaƙin bai kai ga jirgin ba, allura ta tashi.

Mis Dorrett ta tsaya da ludayi a sama. Hannu ɗaya faranti, hannu ɗaya ludayi. Da me ta ja?

Lenworth ya dubi ubangidansa, ya dubi jama'a, ya ga dole ya rufa asiri. "Ehem! Maas Ranny ya ce ba ku ji farkon da kyau ba! A sake!"

Aka sake. Budurwa ta ɗauki akwatinta, ta nufi bakin ruwa. Allura ta tashi.

"Kai, Maas Ranny!" wata ta yi ihu da baki cike da shinkafa. "Bar yarinyar nan ta tafi mana!"

"Ko budurwarsa ce?" in ji wani.

"Mis Dor, kina ji kuwa? Tsohonki na da wata a Ingila!"

Layi ya kwashe da dariya. Mis Dorrett ta yi yaƙe. Ta duba ƙafar tebur, sai ta ga zaren na miƙewa yana saki shi kaɗai, kamar kifi ya kama. Ta dire farantin a hannun wanda ke gabanta ba ta ko dubi fuskarsa ba, ta kutsa bayan akwatuna.

A karo na uku mutane suka fara bin waƙar, da shaƙiyanci, kowa ya toshe hanci. A na huɗu wani tsoho ya ajiye sanda ya jawo matarsa tsakiyar fili, suka rungume juna suna juyawa a hankali, jama'a na tafi. Maas Egbert ya bar cin nama ya zura wa faifan ido, yana tunanin ko akwai wani sirri a cikinsa da ya wuce shi shekara goma sha biyar.

A wani ɗan lungu tsakanin akwatuna biyu, inda mutum ba ya shiga, nan ta ga mai laifin. Akuyar Mis Ionie ce, ta samu zare mai gishiri da kori, tana lasa tana fizga, idonta a lumshe don daɗi.

"Ke! Shegiya! Kur!"

Wa zai ji kur a bayan lasifika? Mis Dorrett ta zura hannu bai kai ba. Ta zura ludayi, saura kaɗan. Akuyar ta dube ta ido cikin ido, ta tauna sau biyu, zaren ya tsinke. Ɓarin da ke zuwa wajen Maas Ranny ya zame ya shige ƙarƙashin akwati.

"Rawa ta gaba kina cikin tukunya," in ji Mis Dorrett. "Na rantse."

Ba ta gama miƙewa ba ta ji muryar Lenworth ta canza, ta kuwa san abin da ke tafe.

"Jama'ar Sweetsop, ku ajiye faranti! Mai goyo ta gyara goyo! Wannan ba a shago ake sayensa ba, ba a rediyo ake jinsa ba! Guda ɗaya ne a duk tsibirin nan, kuma ga shi a hannun Maas Ranny!"

Faifan na musamman ne, wanda aka yanka masa shi kaɗai a situdiyo, baƙi mai nauyi, da ba ya jure allura fiye da sau hamsin kafin ya mutu. Wata biyu yana ɓoye a ƙarƙashin gadonsu saboda wannan rana. Ganga ta fara shiga ita kaɗai. Sai murya ta kira sunan layin Sweetsop, ta kira Maas Ranny, sannan muryar ta narke tana amsa kanta tana nisa, irin salon haɗa sautin da ake kira dub. Maas Ranny ya murɗe bes ɗin gaba ɗaya, ya bar ƙahonin kan mangwaro suna ƙis-ƙis. Mutane suka riƙe numfashi. Ya ja musu rai, ya ƙara ja, sannan ya sake shi.

Layin ya fashe. Huluna suka tashi sama, tsohuwa mai sanda ta miƙe ba sanda.

"Dawo da shi! Dawo da shi!"

Mis Dorrett tana ture mutane tana ba da haƙuri, amma fili ya cushe, ko allura ba za ta faɗi ƙasa ba. Ta hango farar rigar mijinta. Yana gyaɗa kai, hannu ɗaya a kan tebur, yana jiran a ja shi. Ta san abin da ke ransa. Faifan banza an nema sau huɗu, nasa na zinariya ko sau ɗaya.

"Maas Ranny, dawo da shi!" Lenworth ya faɗa a makirfo, taku biyu tsakaninsu. "Maas Ranny! Sun ce a dawo! Maas Ranny?"

Ko gezau. Ihun ya fara raguwa, mutane na duban juna. Lenworth ya sauke makirfo, ya matsa daidai kunnensa na dama ya kira shi da dukkan ƙarfinsa. Tsohon bai motsa ba. Sai da ya dafa masa kafaɗa, sannan ya zabura kamar an watsa masa ruwan sanyi, ya juyo. Zaren ya biyo shi yana reto a bayansa. A daidai lokacin ne akuyar ta ga dama ta fito tsakiyar fili, sauran zaren na lilo a bakinta.

Mutanen Sweetsop ba wawaye ba ne. Suka dubi zaren ƙugunsa, suka dubi akuya, suka dubi Mis Dorrett da ta iso tana haki da ludayi a hannu. Ba wanda ya buƙaci ƙarin bayani.

Maas Ranny ya kalli fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya juya, ya ɗaga allura a tsakiyar waƙa, ya zare faifan, ya sa a rigarsa ta takarda, ya sa a akwati, ya rufe. Layin ya yi tsit, sai ƙugin amfilifaya da kifin Mis Ionie na soyuwa.

"Me ya faru ne?" Maas Egbert ya tambaya da muryarsa ta tsallaken titi. "Wuta aka ɗauke?"

"Ba ya ji," wani ya raɗa masa.

"Ba ya me?"

"Ba ya ji!"

"Kai, buɗe baki ka yi magana!"

"KUNNENSA YA MUTU!"

"Au, shi ke nan?" Maas Egbert ya tsotsi ƙashi ya yar. "To wane mai sautin kirki ne ke ji? Ni shekara biyar ke nan surukina ke taka mini ƙafa in an yi ihu. Ku dubi takalmin hagun nan, kun ga ya yi kama da na dama?"

Ya ɗaga ƙafa, takalmin kuwa ya baje. Dariya ta ɓarke, irin mai sa mutum riƙe ciki, dariyar sauƙi, ta ƙauna. Amma Maas Ranny bai ji abin da Egbert ya ce ba. Ya waiwayo sai ya ga bakuna ɗari a buɗe ana nuni. Mis Dorrett ta ga fuskarsa ta faɗa, ta ga kunya ta rufe shi har wuya, tausayinsa ya kama ta kamar ta yi kuka. Ya sunkuya ya fara naɗe waya.

"Ranny! Ba da kai ake ba!" Ta zagaya kunnen hagu, ya kau da kai. Ta riƙe hannunsa, ya zame a hankali. Ba ta taɓa jin baƙin ciki da haushi sun haɗu mata wuri ɗaya haka ba. Ga mutane ɗari suna sonsa, ga shi taku ɗaya, kuma ba hanyar da maganar za ta shiga. Ta rasa abin yi, ta ɗaga ludayin ta maka wa katangar langa-langar da teburinsa ke jingine da ita.

Teburin ya girgiza. Hannunsa da ke kai ya tsaya.

Ta gani. Ta sake makawa.

Mis Ionie ce ta fara ganewa. Ta sauke kifi, ta ɗauki murfin kasko, ta nufi langa-langar ƙofar gidanta. Katangar layin kuwa ɗaya ce, gida ya kama gida tun daga shagon aski har bakin kwata. Kafin ka ce me, kowa ya nemi wuri a jikinta, wasu da tafin hannu, wasu da kwalba, yara da duwatsu, Maas Egbert da bajajjen takalminsa. Da farko hargitsi ne, sannan dukan ya haɗu ya zama ɗaya, huɗu-huɗu, daidai da abin da bakunansu ke faɗi. Da-wo da shi. Tsatsa na zuba, tsuntsaye suka watse daga kan mangwaro.

Maas Ranny ya saki wayar. Ya miƙe a hankali, ya ɗora tafin hannunsa a kan langa-langar, ya ƙara ɗayan. Ya daɗe a haka, kansa a sunkuye. Lenworth ya matso da makirfo a hannu, ya manta a kunne yake.

"Dor," in ji Maas Ranny, da ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa, maganar ta fito ta kowane akwati har ƙetaren kwata. "Dor, ina jin su."

Ta gyaɗa kai kawai, tana share ido da bayan hannu, korin ya shiga ya ƙara mata hawaye.

Ya buɗe akwatin, ya zaro faifan, ya hure shi. Ya ɗora shi a kan garmaho. Ya ɗauki allura, ya tsaya, ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"To ku sassauta mini katanga," ya ce, "kada ku sa allurata tsalle."

Suka sassauta. Ya sauke ta a farko.